Koren Fenti a Wandon Labaran

Ranar wata Talata da hantsi labarin ya iske Sauda, tana tankaɗen garin dawa a tsakar gida. Ta ji ƙarar keken mijinta a lungu, don ta san shi da wani kuka da sarƙarsa ke yi. Ta ce a ranta, me ya dawo da mutumin nan yanzu, alhali ba ya tashi aiki sai ƙarfe biyu? Da aka turo keken daga zaure sai ta ga ba Labaran ba ne. Istifanus ne, maƙwabcinsu a gidan hayar, wanda suke aiki tare a wata masaƙa a nan Sharada. Kansa duk burbushin auduga, takalminsa ƙafa ɗaya. Bai dube ta ba. Matarsa ya kira.

"Dorkas, fito."

Dorkas ta fito da kumfar wanki a hannu. Ta dubi mijinta, ta dubi keken. Sai ta zo ta zare rariyar daga hannun Sauda, ta zauna a ƙasa ta riƙe ta. Har aka gama faɗa mata ba ta sake ta ba.

A ɗakin da Labaran ke aiki akwai injina arba'in masu tsefe auduga kafin a mai da ita zare. Kowane inji da bel mai faɗi da ke juya shi, kowane bel kuma an ƙera masa murfin ƙarfe, ma'aikata suna ce masa keji. In bel ya goce alhali kejin na kai, sai an kashe inji, an kwance keji, an gyara, an mayar. Wannan na cin lokaci. In babu keji kuwa, ma'aikaci na iya tura bel ɗin da hannu inji na gudu. Saboda haka masu masaƙar suka kwashe kejin duka suka jibge a sito. Ranar Talatar nan bel ɗin inji na tara ya goce, Labaran ya kai hannu kamar yadda ya yi shekara goma sha ɗaya yana yi, bel ya kama hannun rigarsa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Wannan a shekarar 1981 ne, shekara biyu bayan gwamnatin jiha ta soke haraji da jangali. Labaran bai yi boko ba, amma ba a taron talakawa ba shi, rediyonsa kuma kullum a kunne. Yayansa Idi, mai sayar da yadi a Kantin Kwari, in ya zo gidan sai sun yi musu, Sauda na jinsu daga madafa.

"Yaya, gwamnatin da ta cire haraji daga wuyan talaka rana ɗaya, ita ce za ta gaza sa mai masaƙa ya rufe bel?"

"Kai ka cika surutu. Mutum ya zuba dukiyarsa ya kafa masaƙa, sannan gwamnati ta zo ta koya masa yadda zai tafi da ita? A matsa masa ya kwashe injinansa ya koma Legas, sai ku dafa siyasar ku ci."

"Filin da ya gina masaƙar na wa ne? Gonakin mutanen Sharada ne, gwamnati ta karɓa ta ba shi. Wutar fa? Ruwan da yake rini da shi fa? Titin da motocinsa ke bi, shi ya shimfiɗa? Wato a wajen ba shi gwamnati uwa ce, a wajen rufe bel kuma ta zama baƙuwa."

"To ka je ka gaya mata."

"Ni kaɗai in na yi magana kora ce. Shi ya sa aka yi gwamnati, Yaya, don ta yi maganar da mutum ɗaya ba ya iyawa."

A lokacin Sauda ba ta ɗauki maganar da wani nauyi ba. Musun 'yan'uwa ne kawai, a ci tuwo a watse.

Ranar sadakar uku manajan ma'aikata na masaƙar ya zo gaisuwa da buhun shinkafa. Ya zauna a zaure da Idi, muryarsa na shigowa har ɗaki. Ya ce ƙaddara ta riga ta faɗa, amma binciken kamfani ya nuna marigayin ne da kansa ya cire kejin injinsa, ya saɓa doka. Duk da haka kamfani ba zai yi duba da wannan ba. Kamar yadda aka saba in ma'aikaci ya rasu, za a ba babban ɗansa gurbinsa, ya fara ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan sadakar arba'in. Idi ya yi ta godiya.

Babban ɗan shi ne Bala, ɗan farin Sauda, mai shekara ashirin. Shekara uku ya yi yana zagayen ƙofofin masana'antu daga Sharada zuwa Challawa zuwa Bompai, ba wanda ya ɗauke shi. Yana da ƙanne huɗu. Da ya shigo gaishe ta da yamma, Sauda ta yi magana tana duban bango, don ba ta kama sunansa, ba ta kuma cika haɗa ido da shi ba.

"Wane inji suka ce?"

"Na tara, Inna."

"Sun mayar da kejin?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Zan kula. Baffa Idi ya ce in na ƙi wannan, wani ba zai samu ba."

Gaskiya Idi ya faɗa, ta sani. Gidan ba zai ci ba sai da aikin. Ta kuma san hannun ɗanta bai fi na ubansa sauri ba. Ga shi tana takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta da ikon fita ko ƙofar gida. Ta yi makonni tana juya abin, sai da arba'in ta matso sannan ta kira Dorkas.

Dorkas 'yar Kagoro ce, tana sayar da shinkafa da wake a ƙofar masaƙar, ba ta kuma san tsoron ofis ba. Sauda ta tambaye ta wane ne mutumin gwamnatin da ke zuwa duba injina.

"Sufeto. Malam Lawan ake ce masa. Wani dogo mai tabarau, kullum a kan babur."

"Ki je ki gaya masa."

Dorkas ta je. Ta dawo da azahar tana huci, ta cire ɗankwali tana fifita da shi.

"Maman Bala, mutumin nan ba mugu ba ne, amma kansa kamar turmi. Ya ce shi da ƙafarsa ya sha shiga ɗakin, kowane inji da kejinsa, tsaf. Ya ce 'yan ƙungiyar ƙwadago sun sha kai masa ƙara, in ya je ya tarar ba komai, har ya gaji da su. Wai in kina da magana ki zo da kanki."

"Kin ce masa ina takaba?"

"Na ce. Ya ce ki bari ki fita."

"Kafin in fita yaron ya yi wata uku a kan injin."

"Shi ma na ce. Sai ya hau duba takarda, wai in tafi."

Sauda ta gyara zama. Sannan ta ce, "Ki koma gobe. Kada ki ce masa ƙara, kada ki ce masa bincike. Ki ce ranar Asabar ta sama sadakar arba'in, matar mamacin na gayyatarsa. Ba ɗan Kanon da za a kira gaisuwar mutuwa ya ce yana da aiki."

Dorkas ta yi dariya, karo na farko da aka yi dariya a ɗakin tun ranar Talatar. "Ashe ke ma 'yar siyasa ce, kina ɓoyewa a bayan tukunya."

Da ta koma, ta ƙara da nata. Ta ce masa, "Malam, an yi mutuwa a masaƙar da kuke dubawa, ko gaisuwa ba ku je ba. Ni da nake zuwa coci ma na san wannan bai yi kyau ba." Ta ce sai da ya cire tabarau ya goge, sannan ya tambayi kwatancen gidan.

Ranar Asabar tun da safe lungun ya cika. Ma'aikatan da ba sa shiga aiki sai rana duk sun zo, Musulmi da Kirista, kekunansu jingine bango da bango har bakin titi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Manaja ya zo da takardar ɗaukar Bala aiki, aka ba shi wuri a gaba, kusa da liman. Motarsa na can cikin lungu, kekuna sun rufe ta gaba da baya.

Malam Lawan ya iso ana shirin fara addu'a. Ya ajiye babur a bakin titi. Istifanus ya tare shi, ya ce mai takaba ta roƙi ya fara shiga ya gaishe ta. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninsu. Sauda na ganin takalmansa kawai ta ƙasan labulen, baƙaƙe, an goge su.

"Malama, ya haƙuri?"

"Da godiya, Malam."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari."

"Amin. Allah ya ba da lada."

Ta ji ya motsa zai tashi. Ba ta taɓa magana da ma'aikacin gwamnati ba. Ta ce, "Malam, kun je masaƙar kwana biyar kafin azumin bara."

Takalman suka tsaya.

"Kun koma bayan Babbar Sallah da kwana goma. Kun je makon Takutaha. Bana kuma kun je washegarin ranar da ruwan farko ya sauka."

Ta ji yana laluben aljihu, ta ji ƙarar buɗe ɗan littafi, shafi bayan shafi. Ya daɗe. Da ya yi magana muryarsa ta sauya.

"Wa ya gaya miki ranakun nan?"

"Wando."

Ta tura shi ta ƙasan labule. Wandon aikin Labaran ne, na kaki, gwiwoyinsa da cinyoyinsa duk ɗigon koren fenti, wani ya dushe, wani bai dushe ba.

"Duk lokacin da wasiƙarku ta iso cewa za ku zo, sai a sa su fito da kejin daga sito, su shafa musu fenti, su ɗaura. Kwana uku kafin zuwanku yake dawo min da wannan, in yi ta dirza da kananzir. In kun tafi da kwana ɗaya su kwance su mayar. Ni ban san karatu ba, Malam, amma ni ke wanki. Ina so in tambaye ku abu ɗaya. Injin da ke aiki ba hutu, auduga na tashi, mai na ɗiga, kun taɓa ganin datti a jikin kejinsa?"

Sai ta ci gaba.

"Ga murfin tukunyata can a madafa, ku duba shi. Kullum ina wanke shi, amma kowa ya gani ya san ana girki da shi."

Ta ji ya ja numfashi. A hankali ya ce, "Har yaba musu na yi a rubuce. Na ce ban ga masaƙa mai tsabtar tasu ba."

"Sun ce shi ya cire na injinsa. Jibi ɗana zai tsaya a wurin. Maigidan nan ya sha cewa an yi gwamnati ne don ta yi maganar da mutum ɗaya ba ya iyawa. Ni yau ko ƙofar gida ba na iya fita. In ku ne gwamnatin, to ga maganar."

Ta ji liman ya fara salati a waje. Sai ta ga hannu ya ninke wandon, ya turo mata shi.

"Doka ba ta ce sai na rubuta wasiƙa ba," in ji shi. "Al'ada ce kawai muka tarar. Ina wanda ya shigo da ni?"

"Ga ni, Malam," in ji Istifanus.

"Ka san hanyar siton?"

"Ko idona a rufe."

Abin da ya faru a ƙofar gida Dorkas ce ta leƙa ta gani, ta riƙa shigowa tana ba da labari. Manaja ya hango sufeto ya fito da Istifanus sun nufi babur. Ya gane shi. Ya yunƙura zai miƙe, amma hannuwan kowa na sama, liman na tsakiyar addu'a, shi kuma ga shi a sahun gaba, gwiwarsa na gogar ta liman. Wa zai tashi ana yi wa mamacin da ya mutu a masaƙarsa addu'a? Ya koma ya zauna. Liman kuwa, ko ya lura ko bai lura ba, Allah ne masani, ranar bai bar kowa ba. Ya yi wa Labaran, ya yi wa iyayensa da kakanninsa, ya yi wa marasa lafiya, matafiya, masu neman aure, manoma da damina, har shugabanni. Kowane amin ma'aikatan nan sai sun ja shi.

"Gumi yake yi har kan takardar," in ji Dorkas. "Yana cewa amin yana duban agogo."

Da aka shafa, manaja ya ruga wajen mota, sai ga kekuna sun fi ɗari. Masu su kuma kowa ya tsaya gaisawa da ɗan'uwansa, ana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ƙi janye kekensa. Ba dai wanda ya yi sauri.

Sai bayan azahar Istifanus ya dawo. Ya tsaya a bakin labule, mutanen gidan duk suka kewaye shi, har Idi da Bala.

"Maman Bala, mun shiga. Mai gadi ya ce ba a sanar da shi ba, Malam Lawan ya nuna masa kati ya wuce. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ƙirga da yatsa, inji arba'in suna gudu, ko ɗaya ba keji. Ya ce in kai shi sito. Ga su nan a jibge har rufi, kore shar, ga gwangwanayen fenti a gefe. Ya sa farce ya kankare ɗaya, fenti kan fenti kamar ɓawon albasa. Da manaja ya iso yana haki, sai Malam Lawan ya tambaye shi, shin marigayi Labaran ne ya cire duka arba'in ɗin, ya kuma jera su haka da kyau?"

"Me ya ce?" in ji Dorkas.

"Ya ce zai yi bayani. Malam Lawan ya ce ya yi wa kotu. Da hannunsa ya kashe wutar ɗakin, ya sa kwado, ya buga hatimin gwamnati. Da injinan suka yi shiru sai ma'aikata suka fara tafi. Ni ban yi tafi ba, kuka na yi."

Idi ya girgiza kai. "Yanzu sai su rufe masaƙar gaba ɗaya, kowa ya huta."

Daga bayan labule Sauda ta ce, "Yaya, ba za su rufe ba. Ina za su sami wata ƙasar da za a ba su fili da wuta da ruwa?"

Idi ya dubi labulen kamar bai san wadda ke ciki ba. Tun da ƙaninsa ya auro ta bai taɓa jin ta mayar masa da magana ba.

Ba su rufe ba. Sun yi barazana, sun aika manya, gwamnati ta ce kwadon na nan sai an rufe kowane bel, kuma ma'aikatan ɗakin a biya su kwanakin da suka zauna, tun da ba laifinsu ba ne. Kwana tara ɗakin na kulle. Aka ɗaura kejin, wannan karon da walda, yadda sai dai a buɗe su ta ƙofa, in an buɗe kuma inji ya tsaya da kansa. Malam Lawan ya rubuta a rahotonsa cewa Labaran bai cire komai ba, ya aiko wa Sauda da kwafi, Bala ya karanta mata sau biyu. Daga ranar bai ƙara rubuta wa kowa wasiƙar zuwa ba. Ma'aikata suka riƙa kawo labari daga Challawa da Bompai cewa da an ji ƙarar babur a ƙofa sai manajoji su miƙe tsaye, kuma masana'antu da yawa sun fito da murafensu daga sito tun kafin ya iso gare su. Idi ma da ya zo wata rana sai ya ce, shi dai har yanzu bai yarda gwamnati ta sa baki a kasuwa ba, amma bel ba kasuwa ba ne.

Duk wannan bai dawo da Labaran ba. Sauda ta gama takabarta, ta yi kukanta a inda ba mai gani, wani lokaci har yanzu tana yi.

Bala ya fara aiki ranar da aka buɗe ɗakin, a kan inji na tara. Da ya dawo ƙarfe biyu da rabi, kansa fari da auduga, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ajiye kwanon abinci a gabansa, amma ba ta sake shi ba.

"Miƙo hannu in gani ko ka wanke."

Ya miƙa. Ta juya su ciki da baya, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tura masa kwanon.

Masaƙar ta daɗe da rufewa yanzu, a shekarun da masaƙun Kano suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Bala ya yi furfura, yana da shagon gyaran keken ɗinki a Na'ibawa, da jikoki. Kullum bayan la'asar yakan biyo ya gaishe ta. Idonta ya yi rauni, amma da ya zauna sai ta miƙa hannu, shi kuma ya sa nasa a ciki ba tare da an ce masa komai ba. Ta bi yatsun da nata, daga ƙaramin dama zuwa ƙaramin hagu, sannan ta tambaye shi ya kasuwa.